Cukun da ke wari: da gaske ana jin daɗinsa ko burga ce?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau dai zan amayar. Ni a ganina babu wanda yake jin daɗin cukun nan mai funfuna da gaske, wancan mai jirwayen shuɗi da kore a ciki, irin su Roquefort da Gorgonzola. Daurewa kawai ake yi don kada a ce mutum bai waye ba. Shekaranjiya aka miƙo min a wajen wata liyafa, na gutsiri ɗan mitsitsi, wallahi sai da na juya baya na tofar a tishu. Gishiri kamar me, ga wani yaji-yaji a maƙogwaro, ga wari irin na ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Ina kallon mutane suna lumshe ido suna gyaɗa kai. Ni dai cukuna mozzarella ne, sai cheddar marar ƙarfi. Ku faɗa min tsakaninku da Allah, wanne kuke so, wanne ne ba ya wuce muku wuya? Masu cewa suna son mai funfuna kuma sai sun rantse.

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Anti kin shigo da zafinki. Ba sai na rantse ba, firijina ne shaidata. Ni kaɗai nake ci da daddare, ba mai kallona, to wa nake yi wa burgar?

Gimbiya_Zee:
Anti Ummu Hanan na goyi bayanki ɗari bisa ɗari. Abin da in ya fito a jikin burodi muke jefarwa a shara, shi ne don ya fito a jikin cuku sai a ce ado ne?

Malam_Ɗanɗano:
Hajiya Ummu Hanan, laifin na wanda ya fara ki da Roquefort ne. Wanda bai taɓa iyo ba ai ba a jefa shi tsakiyar kogi. Roquefort da nonon tumaki ake yin sa, tumakin da ake kira Lacaune, kuma doka ta ce sai ya nuna a kogunan dutsen Combalou da ke ƙauyen Roquefort-sur-Soulzon a kudancin Faransa kafin ya ci sunan. Shi ne cukun farko da Faransa ta kare sunansa da doka, a 1925. Nonon tumaki ya fi na saniya maiƙo nesa ba kusa ba, funfunar kuma aikinta ke nan, farfasa maiƙo. Daga nan wannan yajin da kika ji a maƙogwaro yake fitowa.

Gimbiya, funfunar ba ta haɗari ba ce, da gangan ake zuba ta a madarar tun farko, iri guda sananne mai suna Penicillium roqueforti. Bayan an dunƙula cukun sai a sossoke shi da dogayen allurai don iska ta shiga, shi ya sa in kin yanka za ki ga shuɗin ya bi layi a miƙe a wasu wurare. Ba ta girma sai da iska.

Da ni ne zan fara ki da Gorgonzola dolce na Italiya. Na nonon saniya ne, bai daɗe a ajiye ba, yana da laushi har a iya ɗiba da cokali, yajinsa kaɗan ne. A shafa a burodi a ɗiga zuma. Ɗan uwansa Gorgonzola piccante kuwa ki bar shi tukuna.

Ummu_Hanan:
Malam, in sai an ɗiga zuma kafin abu ya ciwu, ai zumar ce mai daɗi ba shi ba.

Baban_Khalil:
Hahaha Hajiya ta ɗaure Malam. Ni dai nawa mai sauƙi ne. Gouda, ƙarami wanda bai tsufa ba, da Edam mai jan kaki a jiki. Ba faɗa, ba tashin hankali. Abin da ban iya ba shi ne cukun akuya. Sau uku ina gwadawa, duk sau ukun ji nake kamar na sa baki a jikin bunsuru.

Likitar_Dabbobi:
Baban Khalil hancinka bai yi ƙarya ba. Maiƙon nonon akuya yana ɗauke da wasu sinadarai uku da har sunayensu na kimiyya daga kalmar akuya ta Latin aka ciro su: kaproyik, kaprilik da kaprik. Su ke ba da wannan ƙarnin. Amma ƙarfinsa ya danganta da yadda aka riƙe madarar. In ta jima kafin a sarrafa ta, ko aka jijjiga ta da yawa, maiƙon ya farfashe, ƙarnin ya taso. Sabon cukun akuya da aka yi da madara mai tsabta tsami-tsami yake yi kamar an matsa lemo, ƙarnin can ƙasa-ƙasa. Kuma ka lura fari ne fat, saboda jikin akuya yana juya launin rawayan da ke cikin ciyawa ya koma bitamin A, saniya kuwa tana barin wani ya wuce cikin madara.

Ni shi ne zaɓina na ɗaya. Wanda na tsana shi ne ricotta, ban san me ake ci a cikinsa ba, lami ne kawai.

Baban_Khalil:
Likita na gode da karatu, amma sanin sunan sinadarin bai rage min warin ba.

Anti_Mai_Girki:
Likita, a bar ricotta ya huta. Ba don a zauna a ci shi gaya aka yi shi ba. Asalinsa ma daga ruwan da ya rage bayan an cire wani cukun ake sake dafa shi, ma'anar sunan ke nan, "wanda aka sake dafawa". Aikinsa ya ɗauki ɗanɗanon abin da aka haɗa shi da shi. Ki cuɗa shi da alayyafo ki cusa a taliya, ko ki sa a kek, sannan ki dawo mu yi magana.

Ni ba na raba cuku da "ina so" da "ba na so". Ina raba shi da aikin da zai yi min. Na narkawa daban, na gogawa a kan abinci daban, na gashi daban. Mutane da yawa da ke cewa sun ƙi wani cuku, a inda bai dace ba suka haɗu da shi.

ƊanBoko_92:
Tunda an ce tsakani da Allah, bari in faɗi abin kunya. Ni wanda na fi so a duniya shi ne yankakken nan mai santsi da ke zuwa kowane falle a cikin ledarsa, wanda ake sa wa a burodi ya narke. Da kuma mai kusurwa uku da ake naɗewa a takardar azurfa. Ku yi min dariya, na shirya.

Sarkin_Musu:
Wannan ai ba cuku ba ne, roba ce da aka yi wa gishiri.

Malam_Ɗanɗano:
Sarki ka sassauta. Cuku ne aka niƙa aka narkar da shi tare da wani gishiri na musamman da ke hana maiƙo rabuwa da furotin. Wasu mutum biyu a Suwizalan, Walter Gerber da Fritz Stettler, su suka fara gano dabarar a 1911, James Kraft kuma ya yi wa tasa hanyar rajista a Amurka a 1916. Manufar ita ce a samu wanda zai daɗe bai lalace ba. Mai kusurwa ukun da ƊanBoko ya ambata, sanannensu La Vache qui rit, tun 1921 ake yin sa a Faransa, ƙasar da ake yi mana kuri da ita. Ni ba na marmarinsa, yana manne min a dasashi, amma ba wanda ya kai shi narkewa sumul. Cheddar tsoho in ka ɗora masa wuta da yawa mai ne zai tsatso sama, sauran ya dunƙule kamar cingam.

ƊanBoko_92:
Allah ya saka da alheri Malam. Sarki ka ji dai, robata tana da tarihi.

Yaya_Babba:
Ni Parmigiano Reggiano, ba na haɗa shi da kowa. Ba gogawa nake yi ba ma, ɓantara nake yi da bakin wuƙa ina ci kamar alewa. Wanda ya yi wata 24 ko 30. Akwai wani garɗi a cikinsa da ke zama a baki bayan an haɗiye, ga 'yan ƙwayoyin gishirin nan da ke ƙaras-ƙaras a haƙori.

Likitar_Dabbobi:
Yaya, waɗannan ƙwayoyin ba gishiri ba ne. Wani ɓangaren furotin ne mai suna tirosin, da ke taruwa yana daskarewa yayin da cukun ke tsufa. Alama ce ta ya daɗe. A cheddar tsoho kuma fararen da ke fitowa a sama galibi kalsiyam laktet ne, mutane kan ɗauka funfuna ce su zubar da cuku mai kyau.

Yaya_Babba:
Ashe! Shekara nawa ina faɗa wa mutane gishiri ne. Allah ya yafe min.

Gimbiya_Zee:
Yaya kada ka ji haushi, amma ni Parmesan warin amai yake min. Da gaske nake. In aka barbaɗa a taliya mai zafi tururin ya taso, sai in ajiye cokali.

Malam_Ɗanɗano:
Gimbiya, ke ma hancinki daidai yake. Akwai sinadarin butirik a cikinsa, kuma shi ɗin dai yana cikin amai. Wata masaniyar ƙamshi a Amurka, Rachel Herz, ta taɓa gwada mutane a 2001: ta ba su wari guda su shinshina, sau ɗaya an ce musu na cukun Parmesan ne, wani karon an ce na amai ne. Da aka ce cuku ne suka ce ba laifi, da aka ce amai ne suka yamutsa fuska, da yawansu ma ba su yarda abu ɗaya ba ne. Wato rabin abin a hanci yake, rabi a abin da zuciya ta riga ta yanke.

Sai dai ina da tambaya. Wanda kika ci, daga curi aka goga a gabanki ko garin nan ne da ke zuwa a gwangwani? Don na biyun ya fi tashin warin, ƙamshin kirkin ya riga ya gudu, kuma sau da yawa ana haɗa masa garin da ke hana shi dunƙulewa. Na ainihin, dokarsa ta ce madara, gishiri da renet kawai, ya yi aƙalla wata 12, kuma a yankin Parma, Reggio Emilia, Modena da wani sashe na Bologna da Mantova. Curi guda yana kai kilo 40, yana cin madara wajen lita 550. Har akwai banki a yankin, Credem, da ke karɓar curin a matsayin jingina ya ba da bashi.

Gimbiya_Zee:
Na gwangwani ne gaskiya. Amma ba na jin zan sake gwadawa, zuciyata ta riga ta yanke ɗin, kamar yadda ka ce.

Ummu_Hanan:
To kun gani ko? Malam da bakinsa ya ce rabin abin a zuciya yake. Ai maganata ke nan tun farko. An ce muku abin manya ne, sai zuciya ta ce da daɗi.

Sarkin_Musu:
A'a Anti, kada ki juya maganar. Ke cewa kika yi daurewa muke yi muna ƙarya. Malam cewa ya yi sabo da sani suna canza yadda abu ke ɗanɗanuwa. Ranar da kika fara kurɓar kofi ba sukari daɗi kika ji? Yaro ya taɓa son barkono ran farko? Amma wanda ya saba, daɗin da yake ji na gaske ne, ba wasan kwaikwayo ba. Ni farkon Stilton, cukun Ingila mai funfuna, da na ci ban gama ba. Na biyu na gama don kunya. Na uku ni na je na nema da ƙafata. A karo na biyun kaɗai zarginki ya hau kaina.

Abin dariya game da Stilton ɗin ma, ƙauyen da ya ba shi suna ba shi da izinin yin sa. Doka ta taƙaita shi ga gundumomi uku na Ingila, Derbyshire, Leicestershire da Nottinghamshire, ƙauyen Stilton kuwa yana Cambridgeshire.

Kawu_Dattijo:
Yara kuna ta maganar mai funfuna kamar shi ne ƙarshen wari. Ba ku haɗu da Limburger ba. Wani abokin tafiya ya taɓa buɗe shi a ɗakin da muka sauka, na tashi ina duba takalman kowa. Na rantse safa ce.

Likitar_Dabbobi:
Kawu ai kusan safar ce. Irin waɗannan ana wanke ɓawonsu da ruwan gishiri lokaci-lokaci, sai wata bakteriya mai suna Brevibacterium linens ta yaɗu a kai ta ba shi launin ruwan goro. Danginta na kusa su ke zama a fatar ƙafar mutum. Wani masani ɗan Holan, Bart Knols, ya nuna cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana bin warin Limburger kamar yadda yake bin warin ƙafa, har aka ba shi kyautar Ig Nobel a 2006, wadda ake bai wa binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani.

Amma abin mamaki, in ka cire ɓawon, cikin yana da laushi da sauƙin ɗanɗano. Haushinsa ya fi cizonsa.

Kawu_Dattijo:
'Yata, abin da sauro ya kasa bambance shi da ƙafata, ba zan kai shi bakina ba.

Hajiya_Uwargida:
Ina ta karantawa ina dariya. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Malam ya ambaci renet ya wuce. Don Allah a yi bayani, saboda ni shi ne ya sa na daina sayen wasu ko da ina son su.

Malam_Ɗanɗano:
Gaskiyarki Hajiya. Renet shi ne abin da ake zubawa madara ta yi barci ta daskare. Na gargajiya daga tumbi na huɗu na ɗan maraƙi mai shan nono ake samo shi, wani lokaci ɗan rago ko ɗan akuya. Parmigiano Reggiano da Grana Padano dokarsu ta wajabta na maraƙi. Amma yawancin cukun masana'antu a yau da wanda aka samar ta hanyar ƙananan halittu ake yi, ba dabba a ciki, tun wajen 1990 aka fara amfani da irin na zamanin. Akwai kuma masu amfani da furen wata ƙaya, kamar Serra da Estrela na Fotugal da Torta del Casar na Sifaniya, suna da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Paneer na Indiya kuwa da ruwan lemon tsami ko binega ake tsinka madarar, ba ruwansa da renet.

Hukuncin na dabbar da ba a yanka ba, malamai sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, wannan sai ki koma ga malaminki. Abin da zan ƙara shi ne a riƙa duba masu wankakken ɓawo, don wasu ba da ruwan gishiri kaɗai ake wanke su ba. Époisses na Faransa, alal misali, da barasar yankin Burgundi ake shafe shi.

Hajiya_Uwargida:
Madalla, Allah ya ƙara sani. To ni dai nawa halloumi ne. A yanka da kauri a ɗora a busasshen kasko har ya yi ja gefe da gefe. Ba ya narkewa, yana ƙara a haƙori in ana tauna. Maigidana wannan ƙarar ce ta sa ya ƙi shi, wai kamar yana tauna balan-balan.

Anti_Mai_Girki:
Hajiya a gaya wa Alhaji ya ci da zafinsa, daga kasko zuwa baki. In ya huce ne yake komawa roba. Dalilin rashin narkewarsa, ana dafa shi a cikin ruwansa mai zafi kusan tafasa kafin a sa gishiri da na'a-na'a. A Saifurus, inda ya fito, har da kankana suke haɗa shi lokacin zafi. Na gwada ina tsammanin shirme ne, sai ga shi gishirin da zaƙin sun ɗauki juna. In gishirin ya yi miki yawa ki jiƙa shi a ruwa na rabin awa. Haka ma feta.

Baban_Khalil:
Feta ma yana cikin waɗanda na sallama. Zartsi kawai.

Anti_Mai_Girki:
Baban Khalil wane fetan? Na Girka na gaskiya nonon tumaki ne, ana iya haɗa na akuya har kashi 30 cikin ɗari, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe musu sunan. Yana marmashewa, yana da maiƙo da tsami mai daɗi. Akwai fararen cuku na nonon saniya da ake jiƙawa a ruwan gishiri su yi kama da shi, waɗannan su ne gishiri zalla. Amma tunda kai da akuya ba kwa ga maciji, wataƙila na gaskiyar ma ba zai yi maka ba.

Shamsu_Direba:
Ni tambaya gare ni ba musu ba. Cukun nan mai ramuka da ake zanawa a katun ɓera na ci, Gruyère ne ko? Na saya don sha'awar ramukan, na ji shi wani zaƙi-zaƙi da ɗaci-ɗaci, bai yi min ba.

Yaya_Babba:
Emmental ka saya, Shamsu. Gruyère na Suwizalan kusan ba shi da rami. Ramukan Emmental iska ce da wata bakteriya ke fitarwa yayin da cukun ke nuna a ɗaki mai ɗumi, ita ce kuma ke ba shi wannan zaƙin da ka ji. Cibiyar binciken noma ta ƙasar, Agroscope, ta bayyana a 2015 cewa 'yan ɓurɓushin busasshiyar ciyawa da ke faɗawa madara su ne iskar ke taruwa a jikinsu, shi ya sa da tatsar inji ta sa madara ta yi tsabta sosai sai ramukan suka ragu. Ni ma Emmental bai dame ni ba. Ka nemi Gruyère ko Comté, waɗannan garɗi ne da su kamar soyayyar gyaɗa da man shanu.

Gimbiya_Zee:
Ba wanda ya ambaci Brie da Camembert. Ɓawon nan fari ana ci ko ana cirewa? Na taɓa cin wani ya bugi hancina kamar maganin wanke bene.

Malam_Ɗanɗano:
Ana ci, shi ma funfuna ce, fara, Penicillium camemberti. Wanda kika ci ya wuce lokacinsa ne, ko ya daɗe a naɗe cikin leda. Funfunar tana fitar da amoniya yayin da take narkar da cukun daga waje zuwa ciki, in ba ta samu hanyar fita ba sai ta taru. A buɗe shi a bar shi ya sha iska na ɗan lokaci. In warin bai tafi ba, ya gama yayi. Gaba ɗaya ma cuku ba ya son leda, takarda ya fi so, kuma ba ya son a ci shi da sanyin firiji. A fito da shi kamar minti 30 zuwa awa guda kafin a ci. Maiƙo in ya daskare yana riƙe ƙamshi, sai a ji gishiri kaɗai.

Gimbiya_Zee:
Wato ni mai zagin funfuna ashe na sha cin ta a Brie ban sani ba. Anti Ummu Hanan ki yi haƙuri, ƙafata ɗaya ta fara zamewa daga jam'iyyarki.

Ummu_Hanan:
Gimbiya tun ba a je ko'ina ba? Fara daban, shuɗiya daban. Ki tsaya inda kike.

Sarkin_Musu:
Anti, bari in rama. Mozzarellar da kike taƙama da ita, wacce? In busasshiyar nan ce da ake gogawa a fiza, ai ba ta da wani ɗanɗano, jan zare kawai ta iya. Ta ainihi, ta nonon ɓaunar ruwa daga yankin Campania, a cikin ruwa take zuwa, in kin yanka madara na tsatsowa, kuma tana da ɗan tsami da ƙarni. Ina tsoron in kika ci ta gaskiyar ita ma ki nemi tishu.

Ummu_Hanan:
Na ci, Sarki, kuma na so ta. Har burrata na ci, mai kirim a ciki, da tumatir da man zaitun. Kada ka mai da ni wadda ba ta san komai ba. Ni ina son cuku ya yi ɗanɗanon madara. Kai kana son ya yi ɗanɗanon kogo.

Sarkin_Musu:
Na karɓi wannan. Ɗanɗanon kogo. Zan sa a riga.

ƊanBoko_92:
Akwai wanda ya taɓa cin mai ruwan ƙasa na Nowe, brunost? An ba ni tsaraba, na ɗauka alewar madara ce. Zaƙi da gishiri lokaci guda, yana manne wa a ganɗa. Na kasa yanke hukunci har ya ƙare.

Likitar_Dabbobi:
Kusan alewar ce. Ruwan cuku ake tafasawa da madara da kirim na sa'o'i har sukarin madarar ya ƙone ya yi ja. Saboda yawan sukari da mai, a 2013 wata babbar mota ɗauke da tan 27 nasa ta kama wuta a cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse a arewacin Nowe, aka yi kwanaki ana fama kafin ta mutu. Sai dai masu ciwon ciki in sun sha madara su yi hattara da shi, laktos, wato sukarin madara, ne cike. Tsofaffin masu tauri irin Parmigiano da cheddar da ya daɗe kusan ba su da shi, bakteriya ta cinye.

Baban_Khalil:
Wannan ya amfane ni, ɗana yana da matsalar. Wata tambaya: cheddar ja ya fi fari ƙarfi ko? Ni kullum farin nake ɗauka don ina gudun mai ƙarfi.

Anti_Mai_Girki:
Launi ne kawai, daga 'ya'yan wata bishiya da ake kira annatto. Ƙarfi daga tsufa yake zuwa. Ka duba watannin da aka rubuta a jiki, na wata uku sanyi gare shi, na shekara ɗaya zuwa sama shi ne mai cizo.

Kawu_Dattijo:
Jikana ya nuna min wani a waya, na tsibirin Sardiniya, casu marzu, da tsutsa a ciki tana motsi, wai da gangan ake barin ƙuda ya yi ƙwai. Sarkin Musu, tunda kai komai sabo ne, bismilla.

Sarkin_Musu:
Kawu, ko a can ɗin an hana sayar da shi. Ni ma ina da iyaka. Abin da zai iya tsalle daga faranti ba na ci.

Ummu_Hanan:
Alhamdu lillahi, ashe kowa yana da tishunsa.

Yaya_Babba:
Akwai ma waɗanda duk wani cuku ƙyamarsa suke, ba ruwansu da iri. Matata haka take, ko wuƙar da na yanka da ita ba ta taɓawa sai an wanke. Masu bincike a Lyon sun taɓa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutanen suna shinshina cuku, su ma suka samu Ig Nobel a 2017. A Faransa fa, ƙasar da ake cewa de Gaulle ya yi ƙorafin wuyar mulkinta saboda tana da cuku iri 246. Shekararmu goma sha ɗaya da matata, na gwada ta da mai laushi, na gwada ta da narkakke, na ɓoye a miyar taliya ta gane. Na haƙura. Wannan ba sabo zai gyara shi ba.

Ummu_Hanan:
Na dawo da rahoto. Jiya na samo Gorgonzola dolce ɗin Malam, na fito da shi daga firiji na bar shi kusan awa, na shafa a gasasshen burodi, na ɗiga zuma. Gaskiya ban tofar ba. Gefen da ba shuɗi ma har na ƙara. Amma duk inda harshena ya taɓa jirwayen sai in ji ɗakin nan da aka rufe ya buɗe. Na janye kalmar ƙarya, Sarki, ban janye sauran ba. Rabin yana nan a firiji a naɗe cikin takarda, yara sun ce in fitar musu da shi daga gida.

Malam_Ɗanɗano:
Hajiya kada ki zubar. Ki narkar da shi a ɗan kirim a wuta kaɗan-kaɗan ki juya taliya a ciki, zafi yana kwantar da yajin.

Gimbiya_Zee:
Anti in kin yi ki faɗa mana. Malam, ni kuma wannan Comté ɗin da Yaya ya ambata, ɓawonsa ana ci ko shi cirewa ake yi?